Kawunan Kifin Noway da Giwan Ruwan Yawuri

Shekara shida ke nan ina zaune a Bergen, birnin da ke bakin teku a yammacin Noway, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai game da arzikin ƙasar nan shi ne kifi. Mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, amma a shekarar 2023 sun sayar wa duniya kifi da sauran albarkatun teku na sama da biliyan 170 na kurona, kuɗin ƙasarsu. In aka cire mai da iskar gas, waɗanda su ma daga ƙarƙashin teku ake haƙo su tun bayan gano rijiyar Ekofisk a 1969, babu hajar da ta fi kifi kawo musu kuɗin waje.

Na taɓa zuwa tsibiran Lofoten, inda na tarar da kawunan kifi an tsire su a igiya, an rataye a kan dogayen katakai suna bushewa a iskar sanyi, ƙarninsu ya cika gari. Da na tambayi inda za a kai su, sai aka ce mini Najeriya. Abin da su ba su damu da cinsa ba, shi muke saya da kuɗin waje.

Ni ɗan Yawuri ne, na tashi ina ganin Sarkawa suna sauke giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa a bakin ruwan Yelwa. Jihar Kebbi ba ta da teku, amma tana da Kogin Kwara da tafkin Kainji, kuma a ganina ba ƙarancin ruwa ne ya bar masuntanmu a baya ba. Kifin da aka kama da asuba dole ne a rabu da shi kafin azahar ko a yi bandarsa, domin babu ƙanƙara, kuma dillali ya san haka sarai, shi ya sa yake jan ciniki har rana ta take. Masuntan Noway ma sun sha irin wannan a hannun 'yan kasuwa, har zuwa 1938 da aka kafa dokar da ta ba ƙungiyoyinsu ikon yanke mafi ƙarancin farashi. A yau kowane jirgi yana da adadin da ba zai wuce ba, ana kuma auna abin da ya sauke a rubuta. Mu kuwa har da taru mai ƙananan idanu ake kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba.

Na yi murna da aka kafa ma'aikatar tattalin arzikin teku a Najeriya a 2023, sai dai yawancin maganar da nake ji ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Lekki ce. Da za a nemi shawarata, da a injin ƙanƙara mai aiki da hasken rana da sikelin auna kifi a kasuwar Yelwa za a fara, kafin a zo ga bikin Argungu.