Sa hannun tiyata na mai jikin ne

A asibitocin Kano ana yawan cewa ba za a yi wa mace tiyata ba sai maigidanta ya zo ya sa hannu. Masu faɗin haka mutunta aure suke yi, kuma shawara da miji abu ne mai kyau. Sai dai a dokar Najeriya, baliga mai hankali ita ke da ikon amincewa ko ƙin aikin da za a yi a jikinta. Kotun Ƙoli ta tabbatar wa majiyyaci baligi wannan haƙƙi a shari'ar wani likita mai suna Okonkwo, a 2001.

A ce mai naƙuda ce mabiyiya ta ɓalle mata kafin haihuwa. Jini na zuba, iskar da jariri ke samu na raguwa, likitoci na son ciro shi cikin kusan minti 30. Kafin miji ya iso daga Kantin Kwari, ana iya rasa uwa da ɗa. In tana cikin hayyacinta, likita zai yi mata bayanin haɗarin aikin da na barinsa, ta sa hannu ko ta dangwala yatsa. In ta suma, babu ɗan'uwa a kusa, likita na da hurumin ceton ranta ba tare da jira ba.