Ɗan Landan a Gaban Maigari

(Zauren Maigari, bayan la'asar. Wanzami na yi masa gyaran fuska. Sai ga Gwaggo ta taso Ɗan Landan a gaba, Jauro na biye da sandarsa.)

MAIGARI: Gwaggo, lafiya kika fito da kanki?

GWAGGO: Ina fa lafiya, ranka ya daɗe! Yaron nan tun da ya dawo daga Ingila, sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa, shi kaɗai, ba rediyo ba abokin hira. Na leƙa ta taga, na gan shi ya ƙura wa bango ido yana murmushi.

WANZAMI: Subhanallahi. Mutanen ɓoye ne.

ƊAN LANDAN: Allah ya ja zamanin Maigari, hutawa kawai nake yi. A unguwar Peckham ta Landan ɗakina na jikin layin dogo, ga jiniyar motar asibiti dare da rana. Na ce bari in koma gida kunnena ya huta.

GWAGGO: Da magariba kuma fa? Me ke kai ka gindin kuka, kana ɗaga hannu sama kana magana kai kaɗai?

ƊAN LANDAN: Gwaggo, sabis nake nema. Duk garin nan a nan kaɗai waya ke kamawa.

WANZAMI: Haka kowa ke cewa da farko.

JAURO: Aradu ni ma ina da ƙara, ranka ya daɗe. Ranar Alhamis da duku-duku na kora shanu za ni kasuwar Maigatari, sai na ga babban mutum da gajeren wando ya zuro a guje. Ban tsaya tambaya ba, na bar shanu na rufa masa baya. Kafin mu kai gonar Liman mun zama mu ashirin, har da mai goyo. Na ce, bawan Allah, me ya biyo mu? Wai tumbi yake ragewa!

MAIGARI: Tumbin da ka je har Turai ka samo?

ƊAN LANDAN: Likita ne ya ce in riƙa motsa jiki.

MAIGARI: To ga gonar mahaifinka can ciyawa ta cinye. Hauya ba ta motsa jiki ne?

JAURO: Saniya ɗaya ma sai da la'asar na gano ta.

MAIGARI: Za mu zo kanta. Kai ɗana, wai a can maƙwabta ba sa leƙo ka?

ƊAN LANDAN: Sai mutum ya bugo waya an tsayar da rana. Wanda ƙofarsa ke kallon tawa ma har na baro ban san sunansa ba. Ga shi a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, kowa ya shige ya kulle.

GWAGGO: Wayyo ni! Ashe zaman kurkuku yaron nan ya yi, ana ce mana aiki ya tafi.

MAIGARI: To yanzu da ka dawo, kunnen ya huta?

ƊAN LANDAN: Ranka ya daɗe, tun kafin kiran assalatu zakaran Gwaggo ke farawa, jakin maƙwabta ya karɓa, mata su ɗora lugude, da hantsi injin niƙa ya tashi. Duk wannan na yafe. Gaisuwa ce ta fi ƙarfina. Jiya da safe na fita sayen katin waya, nan da bakin masallaci, sai azahar na dawo. Mutum ɗaya ya tambaye ni gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyin Turai, na yi gaba ya sake kirana wai ya manta bai tambayi lafiyar Sarauniya ba.

WANZAMI: Ni ne. Kuma ba ka ba ni amsa ba. Yaya jikin tsohuwar?

ƊAN LANDAN: Ai ta rasu tun 2022. Ɗanta ne ke sarauta yanzu.

WANZAMI: (ya saki aska) Ta rasu? Matar da ka zauna a ƙasarta, ka ci ka sha, ka yi shiru da bakinka?

GWAGGO: Ka ji ko! Ashe baƙin ciki ne ke cin yaron nan a ɗaki, ni ina zargin aljanu. Sannu ɗana, ka yi haƙuri. Sannu.

ƊAN LANDAN: Gwaggo, ko a hanya ban taɓa ganinta ba!

MAIGARI: Ba a barin mai rashi shi kaɗai a garina. Wanzami, gaya wa sankira ya zaga. Gobe da hantsi a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, kwana uku. Ƙauyukan kewaye ma a aika musu.

ƊAN LANDAN: Ranka ya daɗe, don girman Allah...

JAURO: Zan sanar a ruga. Amma fa mu in mun zo gaisuwa, da shanunmu muke kwana.