Sau uku na dafa miyar "Italiya" kafin na gane inda gizo ke saƙar

Tun da sanyi ya fara shigowa garin Jos autata ta hana ni sakat da wani bidiyo a waya. Wata Baturiya ce ke juya farar miya a tukunya, dankali na leƙowa, ga koren ganye, ga gutsattsarin nama, ita kuma sai lumshe ido take kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Sunan miyar Zuppa Toscana. Safe da yamma magana ɗaya ce: "Mama, don Allah ki yi mana." Sau uku na ɗora tukunya a cikin wata guda. Biyun farko mun ci su ne da haƙuri don kada a yi almubazzaranci, ta ukun ce aka suɗe kwano. Abin da na fahimta shi ne, yawancinmu a kanti muke ɓata wannan miya, tun ba a kunna wuta ba, kuma kalma ɗaya ce ke yaudararmu: sosej.

Ni ma ita ta kayar da ni. Na ji an ce miyar sosej da dankali, sai na wuce wani babban kanti na ɗauko ledar sosej ɗin kaza, irin jajayen nan masu santsi da ake soya wa yara su tafi makaranta. Na yanka su ƙwaya-ƙwaya, na soya, na zuba ruwa da dankali. Suka kumbura suka taso sama suna yawo kamar soson wanka, romon kuwa lami, ko ƙamshin nama babu. Na jefa dunƙule ɗaya, na ƙara na biyu, na ƙara na uku, na kawo madara na zuba. Maigida ya kai cokali baki, ya yi shiru, can ya ɗago ya ce, "Shayi ne aka sa wa dankali?" Ban ba shi amsa ba, don gaskiya ya faɗa.

Abin da Amurkawa ke kira sosej ɗin Italiya daban yake da wancan na leda. Ɗanyen nama ne da aka niƙa da kitsensa, aka cuɗa da gishiri da tafarnuwa da barkono da wata ƙwaya mai ƙamshi da Larabawa ke kira shamar, Turawan Ingila su ce fenel, sannan aka ɗura a hanji. Mai dafa wannan miya ma tsaga hanjin take yi ta jefar, ta farfasa naman a tukunya. Wato duk ɗurin nan ba shi da amfani a nan. Niƙaƙƙen nama mai kayan ƙamshi ake nema, wanda zai saki mansa da daɗinsa a cikin romo. Na leda kuwa an riga an dafa shi a masana'anta, ba abin da ya rage masa da zai ba tukunya. Sannan ga babbar magana: a can da naman alade ake yin sa, da yawa ma har ƙarin soyayyen naman alade suke barbaɗawa a kai. Duk wadda ta ga kwalin da aka shigo da shi daga waje ɗauke da wannan suna, ta tsaya ta karanta bayansa da kyau. Ni dai na hutar da kaina, wajen mahaucina na nufa.

Na ce ya auna min rabin kilo na saniya, amma ya haɗa da kitse, kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ya ajiye wuƙa ya dube ni. "Hajiya, lafiya? Ke da kullum sai kin sa na ɗaye kitsen nan tas?" Na ce yau dai shi nake so. Ya yi dariya ya yanko, yaronsa ya kai inji aka niƙa, na ce kada a niƙe shi luƙui, a bar shi da ɗan tsakuwa-tsakuwa. Tsoka zalla ba ta yi, bushewa take ta zama kamar ɓuntu a baki. Naman rago ma yana yi, sai dai ƙamshinsa ya fi ƙarfi, yakan so ya danne madarar.

A gida na ɗan gasa shamar cokalin shayi biyu a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, na daddaka sama-sama a turmi. Na haɗa da gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi, tafarnuwa huɗu, masoro, dakakken jan barkono, da ɗan ruwan khal cokali guda. Sai cuɗawa da hannu, har naman ya fara danƙo yana kama tafi. Na rufe na sa a firij ya kwana. Kwanan nan yana da muhimmanci, gishiri ne ke shiga jikin naman, washegari in kika buɗe kwanon za ki ji bambanci tun daga hanci. Shamar ɗin kuma kada a ce za a musanya shi da kori ko kanumfari. Shi ne ƙamshin miyar. A wajen masu sayar da kayan ƙamshi irin na Larabawa da Indiyawa ake samunsa, kuma kaɗan yake isa.

Girki na biyu kuwa laifin hannuna ne. Nama ya yi daidai, amma da na leƙa tukunya na ga fari fat, sai zuciyata ta ƙi yarda. Mu da muka tashi a kan jar miya, farar tukunya kamar ba a gama girki ba ce. Na jajjaga attarugu da tattasai, na ƙara tumatir biyu, na zuba madara tun wuta na ci, na rufe na tafi sallar la'asar. Na dawo na tarar madara ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji kamar awarar da ba ta kama ba. Tsamin tumatir da tafasa mai ƙarfi, su biyun nan ba sa shiri da madara. Mai yin awara ta san wannan, ruwan tsami take zubawa a tafasasshen ruwan waken suya don ya tsinke. Ni ma na sani, na dai manta ne a lokacin da ya kamata in tuna.

Wata ƙawata da ta ji ina ba da labari ta ce ai tunda na canza nama, na canza ganye, kada in ƙara kiranta miyar Italiya. Wannan magana ce ta sa na ce sai na yi rubutu. Miyar nan da ke yawo a waya ba a ƙauyukan Italiya ta yi suna ba, a Amurka ne. Gidan abincin Olive Garden, wanda aka fara buɗewa a Orlando ta jihar Florida a 1982, shi ya yaɗa ta da wannan suna, kuma yawancin bidiyoyin da muke gani ƙoƙarin kwaikwayon tasu ne. Zuppa Toscana ba ta nufin komai illa "miyar Toskana", yankin da biranen Florence da Siena da Pisa suke. Miyar da mutanen Toskana ke alfahari da ita kuwa sunanta ribollita, ma'ana "wadda aka sake tafasawa". Abincin talaka ce: farin wake, wani baƙin ganye dangin kabeji da suke kira cavolo nero, karas, albasa, da busasshen burodin da ya kwana, burodin ma irin nasu da ba a sa masa gishiri. A dafa yau, a ɗumama gobe, a zuba man zaitun a kai. Babu kirim, wato maiƙon madara, a ciki. Da na karanta haka sai ɗumamen tuwo ya faɗo min a rai, ashe kowa da nasa.

Yadda abin ya juye ba ɓoyayye ba ne. Tsakanin 1880 da 1924 Italiyawa fiye da miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka, akasarinsu talakawa daga kudancin ƙasar. Suka tarar da nama da madara sun fi araha fiye da gida, girkinsu ya ƙara maiƙo, ya zama wani abu na daban da jikokinsu da gidajen abinci suka ci gaba da kira na Italiya. Shi kansa dankalin baƙo ne a Turai, daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka Sifaniyawa suka kawo shi a ƙarni na 16. Mu muna ce masa dankalin Turawa, alhali su ma aro suka yi. To miyar da Amurkawa suka ɗauki sunan wani yanki suka liƙa mata, suka cire wake da burodi suka zuba kirim, wa zai hana ni sa naman saniya da alayyahu? Canji ba laifi ba ne. Inda nake ja da mutane shi ne canjin da ke kashe abin da ya sa miyar ta zama ita. A canza dabba, a canza ganye, amma a bar shamar, a bar farin romo, kada tsoron lami ya sa a mayar da ita farfesu. In farfesu ake so, muna da namu, kuma ba wanda ya fi mu iya shi.

Ga yadda ta ukun ta kasance. Na ɗora tukunya mai kaurin gindi, ɗan mai kaɗan, na baza naman na ƙyale shi. Nan ne haƙuri yake, hannu na ƙaiƙayi a juya, amma sai ƙasan ya yi ja sosai kafin na farfasa da muciya. Gindin tukunya ya yi ɗan ƙanzo mai ruwan ƙasa. Kada a kankare a zubar, kada a canza tukunya, rabin daɗin miyar yana nan. Na kwashe naman, na rage man da ya yi yawa, na zuba babbar albasa ɗaya ta yi laushi a cikin sauran, na ƙara tafarnuwa. Sai romon kaza kamar lita ɗaya da kwata, ina zubawa ina goga gindin tukunya har ƙanzon ya narke ya shige ruwa. Da romo na gaske, dunƙule ɗaya ya isa, wani lokaci ma ba a buƙatarsa, tunda naman da gishirinsa ya zo.

Dankali shida matsakaita, na wanke su tas na yanka fale-fale da ɓawonsu. A nan kam Allah ya yi mana gata, na Bokkos da Mangu ne ke cika kasuwar Farin Gada, sabon haƙa, ɓawon ma da farce yake fita. Na lura namu ba ya saurin narkewa, don haka bayan minti goma sha biyar da ya yi laushi, na ɗebi ludayi guda na murƙushe na mayar. Shi ke ba miyar kauri ba tare da an sa fulawa ba. Na mayar da nama, na zuba ganye. Amurkawa kale suke sawa, ganye mai tauri da ke jure wuta. Alayyahu ba shi da wannan ƙarfin, minti biyu ya ishe shi, in ya wuce haka ya zama kamar tsumma. Koren ganyen kabeji na waje, wanda masu sayarwa ke ɓarewa su yar, ya fi kusa da na asalin, sai dai a ba shi kamar minti biyar.

Daga nan na kashe wuta gaba ɗaya, sannan na zuba madara. Kirim mai nauyi da suke amfani da shi a Amurka kitsensa ya kai kashi 36 cikin ɗari, shi ya sa yake jure zafi. Wadda ta samu kirim ɗin girki na kwali, ta duba dai kada ya zama mai sukari na kek. Ni madarar gwangwani ta ruwa na sa, ƙaramin gwangwani ɗaya da rabi, kuma ta yi. Kindirmo da nono kada a gwada, tsaminsu zai tsinka miyar nan take.

Na san akwai masu jin ƙyanƙyamin madara a abinci mai gishiri. A wajenmu madara ta fura ce da kunu da shayi. Amma mu ne fa ke narka man shanu a kan miyar kuka, kuma kirim ai shi ne abin da ake kaɗawa a fitar da man shanun. Mu ne ke zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa a miyar taushe don ta yi kauri da gardi. Harshenmu ya san wannan daɗin tuntuni, launin ne kawai bai saba gani ba.

Ranar uwar mijina na gidan. Na zuba mata a kwano na kai da burodi a gefe. Ta leƙa, ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, ina tuwon?" Na ce, "Hajiya, haka ake shan ta da cokali." Ta ce ita ba ta taɓa ganin miyar da ke tafiya ita kaɗai ba kamar marainiya. Maigida ya ɗanɗana ya ce wannan ai faten dankali ne da ya yi karatun boko. Na bar su da bakinsu, don ina ganin cokula ba su tsaya ba. Auta ta yi ƙari sau biyu.

Wadda ta rage na sa a firij. Da safe dankali ya shanye romo, ta yi kauri kamar fate na gaske, sai na ƙara ruwa rabin kofi na ɗumama a wuta ƙasa-ƙasa ba tare da ta tafasa ba. Ina cikin juyawa Hajiya ta leƙo kicin da mayafinta, ta ce in akwai sauran marainiyar nan a zuba mata, amma a miƙo mata kwalbar yajinta.