In aure ya mutu, wa ke jin yaren yaron?

Ɗan ƙanwata shekararsa shida, kalmomin da ke bakinsa gaba ɗaya ba su fi biyar ba. In ƙishirwa ta kama shi sai ya jawo hannun uwarsa ya ɗora a marfin randa, in maƙwabta suka tada injin markaɗe sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado, kuma ba zai ci tuwo ba muddin miya ta taɓa gefen da yake gutsura. Likita ya ce otizim ne, mu a gida galahanga muke cewa, wasu tsofaffin kuwa har gobe ɗan ruwa suke ce mishi. Duk waɗannan ɗabi'un nashi babu inda aka rubuta su, a cikin kan mace ɗaya suke, uwarsa.

Bara auren ya mutu. Dangin uba suka ce ai ɗa na uba ne, aka ɗauke shi aka kai wajen kakarsa. Wallahi tsohuwar nan tana son jikanta, ba mugunta ta yi mishi ba, yaren ne kawai ba ta ji. Yana jan hannunta ita ta ɗauka rigima ce, ta zuba mishi miya a kan tuwo yadda ake wa kowa, ya ƙi ci, aka ce shagwaɓar uwa ce. Kafin sati uku ya koma fitsarin kwance, yana buga kai a bango, sai aka fara maganar iska aka nemo mai ruƙiyya.

Abin da ke ban haushi shi ne mu da muke cewa Malikiyya muke bi, ko a Risala da ake karantawa a zaure an faɗa ƙarara, reno bayan saki na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, in uwar ta yi wani auren sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, uba kuma ciyarwa na wuyansa. Mu ne muka juya abin, da an yaye yaro sai a ce a kawo shi. Yaro mai lafiya ma yana jin jiki balle wanda canjin kofin shan ruwa kaɗai zai iya ɓata mishi yini guda. Ban ce kowace uwa ce ta dace ba fa, na san gidan da uban ne ke haƙurin, uwar ta gaji har tana zaginsa, kuma ban ga laifin gajiya ba don aikin nan ba ya da hutu. Maganata ita ce a duba wa ya san yaron, in kuma dole sai ya canja hannu to a yi shi a hankali, ya riƙa zuwa yini, sannan kwana ɗaya, da tabarmarsa da kofinsa, ba a jefa shi a adaidaita rana ɗaya da ledar kaya ba.

Makaranta ma haka. A nazare akwai malamar da ta gane shi, tana zaunar da shi gefen taga nesa da hayaniya, tana nuna mishi abu da hoto. Da lokacin aji ɗaya ya yi sai hedimasta ya ce wa uwar, Hajiya ki yi haƙuri mu ba mu da malamin irin waɗannan. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce abin kunya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, kuma kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar a kansu. An ma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Ana yaye malaman fannin a kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo, Jami'ar Bayero ma tana da sashen, to ina suke zuwa? In ka ce makarantar Tudun Maliki a Kano, an fi saninta da kurame da makafi, shi kuwa yaron nan yana ji yana gani sarai. Masu kuɗi suna da makarantun kuɗi a Abuja da Legas, talaka kuma ɗaki yake kullewa ya tafi nema.

Ni ban jira gwamnati ba. Da aka dawo da shi bayan dattawa sun sa baki, na sayo littafi mai falle arba'in na zaunar da ƙanwata, tana faɗa ina rubutawa: abin da ke tsorata shi, yadda yake nuna zai zagaya, yadda ake lallashinsa (a rungume shi ta baya, kar a yi magana). Mun cika shafi tara. Mun kai wa kakar kwafi ɗaya, jikarta ta karanta mata, ta yi shiru can ta ce ashe ruwa yake nema.

Ɗayan kwafin yana teburin hedimastan wata makarantar, ta uku ke nan da muka je. Ya ce mu dawo bayan Sallah.