Yini ɗaya a Istanbul: duba ranar kafin ka fita

'Yan'uwa masu zuwa sarin kaya a unguwar Laleli, don Allah ku daina barin yawon ganin gari sai ranar da kuka ga dama. Yawancin wahalar da baƙo ke sha a Istanbul daga zaɓen rana take farawa. Fadar Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Turkiyya, rufe take ranar Talata. Babbar kasuwar nan mai rufi ta Beyazit ba ta ci ranar Lahadi. Masallacin Sultan Ahmet kuwa ba a buɗe shi ga masu kallo ranar Juma'a sai an sauko daga salla. Mutum ya ware yini guda tak, ya biya kuɗin mota, ya iske ƙofa a garƙame, wannan asara ce da dubawar minti biyu a waya za ta hana.

Ni a ganina Topkapi ce ta cancanci safiyarka. Ka isa ƙarfe 9 kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'a, ka ba ta awa uku. A can ne ɗakin amanoni masu tsarki yake, inda aka adana mayafi da takubban da ake jingina wa Manzon Allah (SAW), waɗanda Sarki Salim na Ɗaya ya fara tarawa bayan ya ci Masar a 1517, kuma ana karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. Wanda ya je da azahar, layi kawai zai sha, ya leƙa a gurguje ya fito.

Ayasofya tana nan kusa, da ƙafa ake zuwa. An kammala ta a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi, sannan ta koma masallaci a 2020. Tun Janairun 2024 ƙofar masu kallo daban take da ta masallata, kuma Yuro 25 aka yanka wa baƙo don hawa benen sama. Da yawa kan tsaya a layin da ba nasu ba har rabin awa.

Kada ka hau tasi daga Laleli. Jirgin kan titi mai lamba T1 tasha uku ce zuwa Sultanahmet, unguwar da Topkapi da Ayasofya suke. Sayi katin Istanbulkart a na'urar tasha, ka zuba kuɗi, ka mayar da jakarka gaba saboda cunkoso. In tasi ta zama dole, ka tabbata an kunna mita, kuma ka faɗi adadin takardar da ka miƙa da babbar murya, domin ana musanya Lira 50 da Lira 5 a ce ba ka cika ba. Haka nan in mai goge takalmi ya yar da buroshi a gabanka wajen gadar Galata, wuce abinka. Da ka ɗauka ka miƙa masa, zai goge maka "kyauta" sannan ya tsaya kan sai ka biya.

Da la'asar ka sauka Eminonu, ka shiga jirgin ruwa zuwa Uskudar da wannan katin dai, ka yi magariba a ɓangaren Asiya. Kafin ka kwanta, duba tikitinka na jirgin sama: filin IST (Istanbul) aka rubuta ko SAW (Sabiha Gokcen)? Filayen jirgin biyu ne, ɗaya a Turai ɗaya a Asiya, kuma wanda ya nufi wanda ba nasa ba da wuya ya riski jirginsa.