Haddace jadawali bai isa ba wajen ruwaito magana da harshen Fotugis

Duk wanda ya wuce matakin gaisuwa da tambayar farashi a harshen Fotugis zai ci karo da babin da malamai suke kira discurso indireto, wato ruwaito abin da wani ya faɗa ba tare da maimaita kalmominsa baki da baki ba. A ganina, yadda aka saba koyar da babin nan, a miƙa wa ɗalibi jadawalin sauya lokutan aikatau a ce ya haddace, yana barin sa da rabin ilimi, musamman idan Bahaushe ne.

Jadawalin kansa ba ƙarya ba ne. Idan mace ta ce "estou cansada", na gaji, wanda ya zo ba da labari daga baya zai ce "disse que estava cansada". Idan ta ce "comprei o livro", na sayi littafin, sai ya koma "disse que tinha comprado o livro", haka kuma "virei amanhã", zan zo gobe, yakan zama "disse que viria no dia seguinte". Kalmomin lokaci da wuri ma suna gusawa, hoje ta koma naquele dia, aqui ta koma ali.

Mu a Hausa ba mu san wannan gusawa ba. Muna cewa ta ce ta gaji, ta ce za ta zo, wakilin suna kaɗai muke taɓawa. Saboda haka Bahaushe yakan fara da ƙin sauya komai, bayan ya haddace jadawali kuma sai ya riƙa sauya komai, kuma wannan na biyun ya fi ɓata ma'ana. A ce da safiyar yau abokinka ya gaya maka gobe zai zo, da rana wani ya tambaye ka labarinsa. Abin da ɗan Lisbon zai faɗa shi ne "disse que vem amanhã", domin goben ba ta riga ta zo ba. In ka ce "no dia seguinte", mai sauraro zai ɗauka tsohon labari kake bayarwa, ya shiga lissafin washegarin wace rana kake nufi. Tambayar da ya kamata ɗalibi ya fara yi wa kansa ita ce, shin abin da aka faɗa yana nan daram a lokacin da nake ruwaito shi? In yana nan, babu laifi a bar aikatau yadda yake.

Inda ya dace a ɓata lokaci shi ne umarni da roƙo. "Fecha a porta", rufe ƙofa, yana komawa "pediu que eu fechasse a porta", da sigar da ake kira imperfeito do conjuntivo a Fotugal, a Barazil kuma subjuntivo. Ɗalibai suna tsoron sigar nan, alhali tana da hanya mai sauƙi: a ɗauki aikatau na jam'i, wato sigar "su", a shuɗaɗɗen lokaci, a cire ƙarshensa -ram a sa -sse, fecharam ya ba da fechasse, fizeram ya ba da fizesse, foram ya ba da fosse. Tunanin ma ba baƙo ba ne gare mu, tunda mukan ce ya ce in rufe ƙofa. A hira ta yau da kullum kuwa an fi jin "disse para eu fechar a porta".

Akwai kuma abin da jadawali ba ya faɗa. A bakin mutanen Fotugal "disse que vinha" ya fi "viria" yawa. Jaridun Barazil idan suna ba da labarin da ba a tabbatar ba sukan rubuta "teria fugido", na Fotugal kuma "terá fugido", duka suna nufin wai ya gudu, aikin da "wai" take yi mana ke nan, kuma wanda bai gane ba zai karanta zargi a matsayin tabbas. Jarrabawar Celpe-Bras ta auna ƙwarewar baƙi a harshen Fotugis, wadda Barazil ta fara gudanarwa a 1998, ba ta tambayar jadawali, bidiyo ko sauti ake kunna wa mutum a ce ya rubuta wani abu bisa abin da ya ji. Wanda zai zauna mata ya fi buƙatar ya saurari labarai na minti biyu kullum, ya kashe, ya gwada ba wa wani labarin da bakinsa.