Iya ƙirga zuwa ɗari ba shi ne sanin gurbin lamba ba

Iyaye da dama, har da wasu malamai, suna ɗauka cewa da zarar yaro ya iya rera ƙirga daga 1 zuwa 100 ba gargada, to ya san lambobi. Ba haka abin yake ba. Hadda daban, gane darajar gurbi daban.

Gwada ka gani. Ka ce wa ɗan aji biyu ya rubuta ashirin da biyar, sau da yawa 205 zai rubuta maka. Kunnensa ya ji 20, ya ji 5, sai ya jera su. Bai gane cewa 2 da ke cikin 25 a gidan gomomi take zaune ba, wato goma sau biyu take nufi.

A nan layin lambobi yake da ranarsa. A ja layi a allo, ko a ƙasa da tsinke in alli ya ƙare, a sa alama a 0, 10, 20, 30. Yaro ya yi dogon tsalle biyu, kowanne goma, sannan gajeren taku biyar. Inda ya tsaya, nan ne 25. Sai a tambaye shi: to ina 205? Zai ga layin ma bai kai can ba, sai an yi tsalle ashirin kafin a zo kusa da ita. Haka 52: tsalle biyar, taku biyu. Ta yi wa 25 nisa, ko da yake alƙalumansu iri ɗaya ne.

Harshenmu ma ya rage mana aiki. Mai cewa "talatin ba ɗaya" ai a 30 ya tsaya, ya ja da baya taku guda, ya sauka a 29.